Masu Tallar Landan a Gaban Kyamara, 1877

A shekarar 1877 aka riƙa fitar da wata ƙasida wata-wata a birnin Landan mai suna Street Life in London. John Thomson ne ya ɗauki hotunanta, ɗan jarida Adolphe Smith kuma ya rubuta akasarin bayanan. Thomson, haifaffen Edinburgh a 1837, ya shafe kusan shekara goma yana ɗaukar hoto a Asiya, har da ƙasar Sin da Kambodiya. Da ya dawo gida, sai ya karkata kyamararsa ga waɗanda mawadata ke wucewa kullum ba su ko ɗaga ido su dube su: masu tallar furanni a kasuwar Covent Garden, masu sayar da kifi, masu goge takalma da masu tallar maganin tari.

Ba su ne farkon masu wannan yunƙuri ba. A 1851 Henry Mayhew ya wallafa hirarrakinsa da talakawan birnin, amma sai da masu zane suka kwaikwayi hotunan da hannu kafin a buga su. Thomson ya yi amfani da fasahar Woodburytype, wadda ta kai ainihin hoton ga mai karatu, har da yagewar riga da tamojin fuska.

Sai dai kyamarar zamanin babba ce, a kan ƙafafu uku ake kafa ta, kuma dole wanda ake ɗauka ya tsaya cik. Saboda haka hotunan ba na bazata ba ne, tsara su aka yi. A wannan shekarar ce kuma aka tuhumi Thomas Barnardo, mai gidajen marayu, da shirya hotunan yara cikin tsumma domin jawo sadaka, lamarin da ya sa jama'a suka fara shakkar shaidar hoto.

Abin da ya kare aikin Thomson shi ne bayanan Smith, waɗanda suka faɗi yadda kowa ke samun abin sawa a baka. Hoton da ya fi shahara na wata dattijuwa ce, matar wani tela da ya rasu, tana zaune a bakin ƙofa rungume da jariri. Mai kallo zai ɗauka jikanta ne. Bayanin ya nuna ɗan wata mata ce da ta tafi aiki, ladan renon kuwa kofin shayi ne da ɗan burodi.