ZARE: Motar da ba ta shan mai, amma batirinta na cin kuɗin gida

1/
Daren Juma'ar da ta wuce muna teburin mai shayi a nan Ƙofar Sauri, sai ga wata dalleliyar mota ta wuce shiru, ko ƙarar inji babu. Wani ya ce ta lantarki ce. Nan take yayana, wanda ya kai shekara uku yana tara kuɗin mota, ya ce shi fa ya gama shawara. Wai ya ga tsohuwar irinta ana talla a intanet da araha, ita zai sa a kawo mishi ta Kwatano, ya huta da gidan mai.

2/
Na ce, "Yaya, in batirin ya mutu fa, nawa ne sabo?" Ya ce, "Kai ka cika kawo cikas. Batir ɗin mi? Nawa yake?" A zatonshi irin na Golf ne da ake ɗauka da hannu a kai wa mai caji. Ni ɗalibin tarihi ne, ba bakanike ba, don haka tarihin abin na bi. Ga abin da na samo. Ku biyo ni a hankali, zaren na da ɗan tsawo.

3/
Abu na farko, motar lantarki ba sabon abu ba ce. A 1859 wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro batirin dalma da ake iya yi wa caji a maimaita. Shi ne kakan batirin da ke cikin motocinmu da inbatocinmu har yau. A 1881 Camille Faure ya inganta shi ta yadda za a iya ƙera shi da yawa, sai masu ƙira suka fara ɗora shi a kan keken hawa.

4/
A watan Afrilun 1899, kusa da birnin Paris, wani ɗan Beljiyam mai suna Camille Jenatzy ya zama mutum na farko da ya haura gudun kilomita 100 a awa cikin mota. Motar ta lantarki ce. Ku lura da shekarar: lokacin Sarki Abubakar na Dallazawa ke mulkin Katsina, saura shekara huɗu kafin Lugga ya shigo ta Ƙofar Yanɗaka a 1903.

5/
A 1900, sama da kashi ɗaya cikin uku na motocin da aka ƙera a Amurka na lantarki ne, kuma sun fi na fetur yawa. Dalili? Motar fetur ta lokacin wahala ce. Sai an zura ƙarfe a gabanta an murɗa da ƙarfin damtse kafin ta tashi, in ya ƙwace ya karya hannu. Ga hayaƙi, ga ƙara. Ta lantarki kuwa shiga kawai za ka yi ka tafi.

6/
Amma tun ranar farko batir ne ciwon kan. A 1897 aka fara tasi na lantarki a Landan, ƙirar Walter Bersey. Nauyin batiran ya riƙa cinye tayoyi, girgizar hanya na lalata batiran kansu, kuɗin gyara ya fi ƙarfin abin da ake samu. Shekara biyu kacal, a 1899, aka janye su daga titi.

7/
A New York ma 1897 aka fara. Su dabararsu ita ce musayar batir: tasi ta shigo tasha, a zare wanda ya yi sanyi a zura cikakke, ta koma aiki. Kamfanin Electric Vehicle Company ya faɗaɗa harkar zuwa wasu birane cikin gaggawa, kula da batira ya gagara, a 1907 ya karye. Ku riƙe wannan dabara ta musaya, za mu dawo kanta.

8/
Sai abubuwa uku suka haɗu. An haƙo mai mai yawa a Texas daga 1901, fetur ya yi araha. A 1908 Henry Ford ya fito da Model T. A 1912 kuma Cadillac ta sa wa motarta sitata, ƙirar Charles Kettering, aka daina murɗa ƙarfe. Wato ƙaramin batir ne ya cire wa motar fetur babban aibinta, ya taimaka ta kori ta lantarki daga kasuwa.

9/
Wajen 1912 motar fetur na dala 650, ta lantarki na kaiwa dala 1,750. Ta koma abin hawan masu hali. Matar Henry Ford ɗin kanta, Clara, ta lantarki take hawa, ƙirar Detroit Electric. In kana son a sa maka batirin Thomas Edison mai ƙarko a irin wannan mota, sai ka ƙara dala 600, kusan kuɗin sabuwar Model T sukutum. Batir kaɗai fa.

10/
To ka ga tambayar da na yi wa Yaya ta haura shekara 100 ana yin ta. Har wani kamfanin wuta a garin Hartford ya nemo mafita tsakanin 1910 da 1924: ka sayi motar kaya ba batir, batirin na kamfani ne, kana biyan haya wata wata da kuɗin tafiyar da ka yi. In ya lalace asararsu ce, ba taka ba.

11/
Bayan nan motar lantarki ta yi dogon barci. Rikicin mai na 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka rage sayarwa, shi ya tada neman sabon batir. Stanley Whittingham ya fara aiki da litiyam a kamfanin mai na Exxon. John Goodenough ya ɗora a Jami'ar Oxford a 1980, Akira Yoshino ya ƙarasa a Japan a 1985. Sony ta fara sayar da shi a 1991. Su ukun aka ba kyautar Nobel a 2019. Batirin wayar da kake karanta wannan zare da ita, aikinsu ne.

12/
A 2008 Tesla ta fito da Roadster, kuɗinta wajen dala 100,000. Dabarar ita ce harhaɗa ƙananan batira irin na kwamfutar cinya, guda 6,831, su zama ɗaya. A 2012 Model S ta biyo baya. Babban batirinta na da ƙwayoyi 7,104, nauyinsa wajen kilo 540, an shimfiɗa shi a ƙarƙashin motar gaba ɗaya. Kwatanta da buhun siminti goma sha ɗaya. Wannan ne Yaya ke cewa "batir ɗin mi?"

13/
Yanzu lissafi. Ana auna batir da kilowat-awa, wato daidai da yunit ɗaya na mitar wutar gidanku. Wancan na Model S yunit 85 yake ɗauka. A ƙididdigar BloombergNEF, a 2010 kowane yunit na batir ya haura dala 1,000. A 2024 ya sauko dala 115 a matsakaici. Saukin ya yi yawa ƙwarai, wannan gaskiya ne.

14/
Amma ɗauki 115 sau 85, ya kama dala 9,775. In ka sa dala a naira 1,500, ka haura miliyan 14 da rabi. Kuma wannan farashin da masu ƙera mota ke saye ne da yawa. Ba a sa ribar dila ba, ba jigilar jirgin ruwa, ba kwastan, ba kuɗin aikin wanda zai sauke tsohon ya ɗora sabon.

15/
Wataƙila kun taɓa ganin bidiyon nan. A Disambar 2021 wani mutum a Finland ya kai Model S ɗinshi ƙirar 2013 gareji, aka ce canjin batir zai ci akalla yuro 20,000. Ya cire abin da zai cire, ya ɗaura wa motar nakiya kilo 30 ya tarwatsa ta a gaban kyamara. Yuro 20,000 a naira 1,600 miliyan 32 kenan. A unguwanni da yawa na Katsina wannan kuɗin gida ne.

16/
Don adalci: ba kowace mota ke kaiwa ga haka ba. Batiran yanzu sun fi na 2013 ƙarko nesa ba kusa ba, mafi yawansu raguwa suke a hankali, ba mutuwa farat ɗaya ba. Wani lokaci ma sashe ɗaya ake canzawa. Kuma yawancin kamfanoni na ba da garanti na shekara 8 ko wajen kilomita 160,000, in ƙarfin batir ya faɗi ƙasa da kashi 70 cikin 100 su gyara ko su canza.

17/
Matsalar tana ga irin sayen motarmu. Mu nawa ne ke sayen sabuwa fil? 'Yar Kwatano muke saye, wadda ta yi shekara takwas, goma, sha biyu a hannun wani. Wato tana isowa daidai lokacin da garantin ya ƙare. Arahar da Yaya ya gani ba kyauta ba ce, mai sayarwa ya riga ya cire kuɗin batirin da ya san ya kusa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma shi Yaya bai ma san rariya ce ba.

18/
Ga zafi. Batirin litiyam ba ya shiri da zafi. A 2012 masu Nissan Leaf a jihar Arizona ta Amurka suka yi ta ƙorafin batiransu na raguwa da wuri, domin ƙirar farko ba ta da tsarin sanyaya batir da ruwa. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi kan kai digiri 40. Duk wanda gidansu ke da inbata ya san yadda bazara ke yi wa batir. Namu na gida bai cika shekara biyu ba, mai shagon ya ce shi ba ruwanshi.

19/
Ga kuma wuta. Yunit 85 fa ake magana. A Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta haura mako cikin duhu, wayoyi ma sai a wurin 'yan caji. Aikin wutar iska na Lambar Rimi, megawat 10, wanda aka faro tunaninsa tun Malam Umaru Musa Yar'adua na gwamna, ya haura shekara goma ana jan shi. Mai motar lantarki a nan dole ya sa kuɗin sola a lissafi, ita ma da nata batirin.

20/
Kada a ce ina kushe abin. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Duk mai hankali zai nemi mafita. Kuma motar lantarki ba ta son bakin mai, ba fulogi, ba kaburata. Kuɗin yau da kullum ya fi sauƙi da gaske.

21/
Arewa ma ba 'yan kallo ba ne a wannan tarihi. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana surar Chevrolet Volt da aka nuna a 2007. Yana shugabancin hukumar ƙera motoci ta ƙasa aka ƙaddamar da Hyundai Kona da aka harhaɗa a Legas, kuma a 2021 aka buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya mayar da ƙananan bas na fetur zuwa na lantarki.

22/
Sai dai batirin kansa daga waje yake zuwa, da dala ake sayensa. Mafi yawan ƙwayoyin batir na duniya a Sin ake ƙera su, kamfanonin CATL da BYD ke gaba. Wajen kashi 70 na kobalt daga Kongo ake haƙo shi. Litiyam kuma muna da shi, har an buɗe masana'antar tace shi a jihar Nasarawa a 2024. Muna fitar da dutsen, mu sayo batirin. Irin labarin gyaɗa da auduga da fatu ne da muka karanta a aji.

23/
Kun tuna dabarar New York da Hartford? Ta dawo. NIO a Sin na sayar da mota ba batir, kana biyan haya, kana musaya a tasha. Ampersand a Kigali da Spiro a Benin da Togo haka suke yi wa masu acaɓa. Ba kullum take cin nasara ba, Better Place ta gwada a Isra'ila ta karye a 2013. Amma ga mai ƙaramin ƙarfi, tsarin da asarar batir ke kan kamfani ya fi mishi kwanciyar hankali.

24/
Mu Katsinawa ai bai kamata wannan lissafi ya zame mana baƙo ba. Garin Sarki Dikko ne da Sarki Usman Nagogo, garin folo da hawan sallah. Tambayi duk mai doki a barga, zai ce maka ranar saye ita ce mai sauƙi. Harawa, dusa, dawa, kanwa, magani, mai kula, su ne kuɗin. Bambancin kawai shi doki kullum yake ci kaɗan kaɗan, batir kuwa tara maka yake ya karɓa rana ɗaya.

25/
To in kai ko wani naka zai sayi mota, keke napep ko mashin na lantarki, ka tambayi waɗannan kafin ka biya:
Wace shekara aka ƙera shi, garantin batirin ya ƙare? In bai ƙare ba, yana aiki a Najeriya?
Kashi nawa na ƙarfin batirin ya rage? A sa kwamfuta a nuna maka, ba da baki ba.
Nawa ne sabo yau, kuma wa ke da shi a Kano ko Abuja?
Wa zai iya gyara shi a nan?
A ina za ka yi caji ranar da ba wuta?

26/
Na tura wa Yaya lissafin nan jiya. Ya kira ni ya ce, "Wato miliyan sha huɗu ne mafi ƙaranci?" Na ce a lissafin takarda ma kenan. Ya yi shiru, ya ce bari ya sake tunani, ƙila ya fara da mashin. Yanzu shi ke tambayar masu shago kuɗin batir kafin kuɗin mashin ɗin.

27/
In akwai mai hawa irin waɗannan a Katsina, ko bakaniken da ya taɓa buɗe batirinsu, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani a ƙasa, mu ƙaru. Wanda kuma ya san wani na shirin saye, ya tura mishi zaren kafin ya biya kuɗi. Allah ya tsare mana guminmu.