Farfesan Chekhov da Asalin Labari Mai Gundura

A shekarar 1889 mujallar Severny Vestnik ta birnin Saint Petersburg a ƙasar Rasha ta buga wani labari na Anton Chekhov wanda shi da kansa ya raɗa wa suna Skuchnaya Istoriya, wato labari mai gundura. Chekhov likita ne, yana da shekara 29 a lokacin, kuma ya rubuta labarin ne bayan tarin fuka ya kashe yayansa Nikolai a wannan shekarar.

Mai ba da labarin wani farfesan likitanci ne ɗan shekara 62, Nikolai Stepanovich. Ya yi suna a duk faɗin Rasha, amma barci ya ƙaurace wa idonsa, kuma ya san ajali ya matso. Matarsa Varya, wadda ya taɓa so kamar ransa, ba ta da zance da safe sai na kuɗi: albashin mai aiki da ba a biya ba, da abin da za a aika wa ɗansu hafsan soja a Warsaw. Yakan dube ta yana neman yarinyar da ya aura, ya rasa.

Da a nan aka tsaya, da sunan labarin ya bi shi. Abin da ya raya shi ita ce Katya, marainiyar da farfesan ya riƙe. Ta shiga wasan kwaikwayo ba ta dace ba, ta haihu jaririn ya rasu. A ƙarshe ta bi shi har masauki a birnin Kharkov tana kuka, tana roƙon ya faɗa mata yadda za ta yi da rayuwarta. Mutumin da ya shekara 30 yana koyarwa ya rasa amsa, sai tayin abinci ya yi mata. Ta fita ba ta waiwayo ba. Hatta Nikolai Mikhailovsky, manazarcin da ya sha zargin Chekhov da rubutu ba tare da damuwa da mutanensa ba, ya ɗauki wannan labari a matsayin mafi kyawun abin da ya rubuta zuwa lokacin.

Chekhov ya rasu a 1904. Tsakanin 1916 da 1922 Constance Garnett ta fassara labaransa zuwa Turanci cikin juzu'i 13, salonsa ya bazu a Ingila da Amurka, daga baya ya shiga azuzuwan koyon rubutu na jami'o'i. Abin da ya fi sauƙin kwaikwayo shi ne shirun da dogon tunanin, da ƙarshen da ba a warware komai ba. Aka yi ta samun tsofaffin ma'aurata suna shan shayi suna tuna da, jimla a goge tas, amma ba wanda ke bukatar komai daga kowa. A farkon shekarun 2000 marubucin Amurka Michael Chabon ya fito fili ya koka da yawaitar irin waɗannan labarai marasa ƙashin baya.

Alice Munro ta Kanada, wadda ta ci kyautar Nobel a 2013, ta nuna cewa laifin ba na tsufa ba ne. A labarinta The Bear Came Over the Mountain na 1999, Fiona ta kamu da ciwon mantuwa, ta shaƙu da wani namiji a gidan kula da tsofaffi. Da aka ɗauke mutumin ta fara lalacewa, sai mijinta Grant, wanda ya sha cin amanarta a ƙuruciya, ya je ya roƙi matar mutumin ta bari a maido shi.

Tsohon Chekhov an zo masa da bukata ya kasa. Tsohon Munro ya biya bukatar matarsa da abin da ya fi masa ciwo. Marubucin da ya zaunar da tsoho a zaure yana jan carbi yana tuna masoyiyarsa, ya kamata ya tambayi kansa wa zai yi sallama a ƙofar nan, kuma me ya zo nema.