Ƙarfin Ɗaukar Zafi

Ƙarfin ɗaukar zafi shi ne adadin makamashin da ake buƙata domin a ɗaga zafin kilogiram 1 na wani abu da digiri 1 a ma'aunin Selsiyas. Ana auna shi da jul a kowane kilogiram a kowane digiri. Abin da ƙarfinsa ya yi yawa yakan daɗe kafin ya yi zafi, ya kuma daɗe kafin ya huce. Wanda ƙarfinsa bai taka kara ya karya ba yakan ɗau zafi nan da nan, ya sake shi nan da nan.

Asalin wannan ilimi yana komawa ga Joseph Black, malamin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Glasgow ta ƙasar Sikotland, wanda ya rayu daga 1728 zuwa 1799. Wajen shekarar 1760 ne ya rarrabe tsakanin yawan zafin da ke cikin abu da matakin da ma'aunin zafi ke nunawa, bayan ya lura cewa zaiba, duk da ta fi ruwa nauyi, ta fi shi saurin ɗumama a kan wuta iri ɗaya. A 1819 Faransawa biyu, Pierre Dulong da Alexis Petit, suka gano alaƙar wannan ƙarfi da nauyin ƙwayar zarra ta ƙarafa. Daga bisani, a shekarun 1840, James Joule na Ingila ya tabbatar da cewa zafi nau'i ne na makamashi, kuma sunansa aka sanya wa ma'aunin makamashi, wato jul.

Lissafin ba shi da wuya: ana ninka nauyin abu da ƙarfin ɗaukar zafinsa, sannan a ninka da adadin digirin da ake so a ƙara. Lita 1 ta ruwa nauyinta kilogiram 1 ne, saboda haka kai ta daga digiri 25 zuwa tafasa a digiri 100 yana cin jul kusan 314,000. Butar lantarki mai ƙarfin wat 2,000 takan ba da wannan makamashi cikin minti 2 da rabi da 'yan daƙiƙu, idan zafi bai zurare ta gefe ba.

Abubuwa sun sha bamban ƙwarai a wannan fanni. Ruwa yana da kimanin jul 4,186, man girki wajen 2,000, iska 1,005, alminiyam 900, busasshen yashi kusan 800, baƙin ƙarfe 450, jan ƙarfe 385, dalma kuwa 130. A cikin abubuwan da ake mu'amala da su yau da kullum, da wuya a samu wanda ya kamo ƙafar ruwa. Dalili shi ne ƙwayoyinsa suna manne da juna ta hanyar haɗin haidurojin, don haka wani kaso na zafin da ya shiga yakan tafi wajen sassauta wannan haɗi maimakon ya ɗaga ma'auni.

Ana ganin tasirin wannan bambanci a madafa. Tukunyar alminiyam kan yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa alhali ruwan cikinta bai wuce ɗumi ba. Man suya kan riga ruwa ɗaukar zafi, shi ya sa mai ƙosai ba ta daɗewa tana jiran kasko. Kunu da koko, da yake yawancinsu ruwa ne, sukan jima a kwano ba su huce ba. A injin mota ma ruwa ake zagayawa da shi, ya kwashi zafin injin ya kai lagireto, inda iska ke ɗauke shi. Sanyin ruwan randa kuwa hanyarsa daban ce, domin yana faruwa ne ta tururin da ke fita daga jikin yumɓu.

Haka abin yake a yanayin ƙasa. Da rana tudu kan riga teku yin zafi, sai iska mai sanyi ta taso daga ruwa zuwa gaɓa. Da dare kuma ta juya. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa bambancin zafin rana da na dare bai da yawa a Legas, amma a Agadas, inda yashi da duwatsu suka mamaye, ana iya shan rana da tsaka sannan a kwana cikin sanyi mai ratsa jiki, musamman lokacin hunturu. Ginin ƙasa mai kaurin bango yana cin moriyar wannan ƙa'ida, domin soro kan shanye zafin rana a hankali, ya sako shi bayan dare ya yi, saɓanin rufin kwano.

Muhimmancin wannan siffa ya kai har ga rayuwa kanta. Kusan kashi 60 cikin 100 na jikin baligi ruwa ne, abin da ke taimaka masa ya tsaya a wajen digiri 37. Tekunan duniya kuma sun shanye fiye da kashi 90 cikin 100 na rarar zafin da ɗumamar yanayi ta haifar, saboda haka masu nazarin yanayi suke sa ido sosai a kan zafin teku wajen auna yadda duniya ke canzawa.