Waiwaye: Yadda Aka Fara Ba da Manhaja Riƙo

Mai rubuta manhaja ba ya fara aikinsa daga yashi da siminti. Kamar magini ne da ke zuwa wurin masu buga bulo, ya ɗauko abin da wani ya riga ya ƙera, ya ɗora. Waɗannan bulallukan su ake kira laburare a wannan sana'a: guntayen manhaja da aka rubuta don wasu su yi gini a kansu. Wani na matse fayil ne, wani na zana hoto, wani na tura saƙo tsakanin waya da uwar garke. Manhaja ɗaya da ke cikin wayarka tana iya zama a kan ɗaruruwansu. To, idan mai laburaren ya gaji fa? Ko kamfanin ya ga babu riba, ko an saye shi, ko ya karye?

A da, amsar gajera ce. Kamfani ya rufe ƙofa, ya kulle asalin rubutun manhajar a ma'ajiyarsa, waɗanda suka yi gini a kai kuma su nemi wa kansu mafita. Abin da ya sauya wannan hali shi ne al'adar da nake kira ba da riƙo, wato mai abu ya ce shi kam ya sauke, amma ga shi nan, jama'ar da ke amfani da shi su ci gaba da raino.

Kamfanin Netscape ne ya fara yin wannan a idon duniya. Microsoft ta matse shi da Internet Explorer da take bayarwa kyauta, sai a watan Janairun 1998 ya sanar zai saki rubutun burauzarsa, ya kuma sake shi ranar 31 ga Maris da sunan Mozilla. An yi ta murna, ana zaton dubban hannaye za su taru su gyara. Ba haka aka yi ba. Rubutun ya cakuɗe, an ciccire wasu sassa saboda haƙƙin mallakar wasu kamfanoni ne, kuma kafin shekara ta ƙare aka yanke shawarar watsar da tsohon injin a gina sabo. Jamie Zawinski, ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa aikin, ya ajiye shi a 1999 cikin takaici, yana mai cewa buɗe rubutu ba asiri ba ne da za a barbaɗa wa aikin da ya mutu ya tashi. Sai a 2002 Mozilla 1.0 ta fito. A 2003 AOL, wadda ta sayi Netscape, ta janye jikinta, amma ta bar wa sabuwar Gidauniyar Mozilla dala miliyan 2. Daga nan ne Firefox ta fito a Nuwamban 2004. Shekara shida ke nan da 'yan watanni daga ranar da aka saki rubutun, kuma mafi yawan wannan lokaci akwai mai biyan albashin masu aikin.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na Blender, manhajar zane mai motsi ta ƙasar Holan. Kamfanin da ke da ita ya karye a 2002, masu hannun jari kuma suka riƙe rubutun. Ton Roosendaal, wanda ya ƙirƙire ta, ya je ya yi ciniki da su: Yuro 100,000 su saki. Ya koma wurin masu amfani da ita ya kafa asusu, cikin mako bakwai kuɗin suka cika, ranar 13 ga Oktoban 2002 aka sake ta. A nan jama'a ne suka je suka fanso abinsu da kuɗin aljihunsu, ba a ajiye musu shi a bakin ƙofa ba. Da Blender aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar a 2025.

Da al'adar ta kankama, sai aka sami gidajen riƙo na musamman, babba daga ciki ita ce Gidauniyar Apache. Kamfani ya kawo abinsa, a sa shi a matakin raino, a ga ko zai tara masu kula da shi daga wurare daban-daban. Google ta kai mata Wave a 2010 bayan ta daina aikinsa. Adobe ta kai Flex da tushen PhoneGap a 2011, na biyun ya koma Cordova. Oracle ta kai OpenOffice a wannan shekarar. Sakamakon ya bambanta ƙwarai. Cordova ya rayu shekaru, domin akwai kamfanoni da ke cin abinci da shi. Wave ya yi shekara bakwai bai fita matakin raino ba, har aka sallame shi a Janairun 2018. OpenOffice kuwa, gida aka miƙa bayan mutanen gidan sun tashi: tun Satumban 2010 yawancin masu aikinta sun ware sun kafa LibreOffice, ganin yadda Oracle ke tafiyar da al'amura bayan ta sayi Sun, kamfanin da ke da OpenOffice a da. Apache ta gaji suna, LibreOffice ta tafi da hannaye. Ita kanta Apache ta san ba kowane ɗan riƙo ke girma ba, shi ya sa tun 2008 ta ware wani sashe mai suna Attic, inda take ajiye ayyukan da babu sauran mai kula da su.

A nan ne nake da ƙorafi. Sau da yawa kalmar "mun miƙa wa al'umma" jana'iza ce da aka yi wa ado. Kamfani ya kwashe injiniyoyinsa ranar Juma'a, ranar Litinin ya fitar da sanarwa mai daɗin ji, alhali al'ummar da ake magana mutum biyu ne ko uku masu yin aikin bayan sallar isha'i, in sun dawo daga neman abincinsu. Su za su amsa ƙorafin dubban mutane, su toshe ɓarakar tsaro, su bi sauyin da Android ko Windows suka yi, ba ko sisi. Ba na cewa a daina miƙawa, ya fi kullewa nesa ba kusa ba. Amma a faɗi gaskiyar abin da aka miƙa.

Akwai waɗanda suka yi shi da mutunci. Facebook ta sayi Parse a 2013, dandalin da dubban manhajojin waya suka dogara da shi wajen ajiyar bayanai. Da ta yanke shawarar rufe shi a Janairun 2016, ta ba da wa'adin shekara guda cur, ta saki Parse Server wanda kowa zai iya ɗorawa a uwar garkensa, ta kuma ba da manhajar kwashe bayanai. Mutane sun ji zafi, amma sun sami lokacin ƙaura, kuma aikin ya ci gaba a hannun masu amfani da shi.

Wani lokaci kuma suna ne ke hana ruwa gudu. A 2017 Oracle ta miƙa Java EE ga Gidauniyar Eclipse, amma ta riƙe haƙƙin sunan Java. Aka sake masa suna Jakarta EE. Da aka kasa daidaitawa kan kalmar javax da ke cikin rubutun kusan kowace manhaja da aka gina a kansa, sai a 2020 aka mayar da ita jakarta. Kalma ɗaya tak, amma bankuna da ma'aikatu a duniya sun kwashe shekaru suna bin rubutunsu layi-layi suna sauya ta.

Duk waɗannan manya ne, masu lauyoyi da takardun yarjejeniya. Mafi yawan laburare na mutum ɗaya ne, kuma miƙa shi bai wuce ba wa wani mabuɗi ba. Dominic Tarr, ɗan ƙasar New Zealand, ya rubuta wani ƙaramin laburare mai suna event-stream, ya daina amfani da shi, amma duniya ba ta daina ba, ana sauke shi kusan sau miliyan 2 a mako. A 2018 wani baƙo ya nemi ya karɓi raino, Tarr ya ba shi. Baƙon ya cusa ɓoyayyen rubutu da ke hakon masu ajiyar Bitcoin a manhajar Copay, sai a Nuwamba aka gano. An yi wa Tarr ca, amma ni ban ga laifinsa yadda ake zuzutawa ba. Abin da ya yi shi ne abin da kowa ke yi tun fil azal a wannan fage: wanda ya gaji ya ba wanda ya nuna sha'awa. Masu tara riba a kan aikinsa ba su taɓa tambayar wa ke riƙe da shi ba sai ranar da ya cije su.

Shekara shida bayan haka aka ga wanda ya fi shi muni. Laburaren matse fayil na xz yana cikin kusan kowace kwamfuta mai amfani da Linux, kuma shekara da shekaru mutum ɗaya ne ke ɗauke da shi, Lasse Collin na ƙasar Finlan. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya bayyana, ya yi ta taimako na gaske har kusan shekara biyu, yayin da wasu sunaye da ba a san su ba suke ta matsa wa Collin lamba cewa aikin na tafiyar hawainiya, ya nemi mataimaki. Ya nema. Da Jia Tan ya sami iko, sai ya dasa ƙofar ɓoye a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1, wadda da ta bazu za ta ba shi damar shiga uwayen garke masu ɗimbin yawa. Andres Freund, injiniya a Microsoft mai aiki kan PostgreSQL, shi ya lura shiga wata kwamfutarsa na jinkiri da kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu, ya tona asirin ranar 29 ga Maris 2024.

Jia Tan ya ɓace daga ranar. Collin ya koma kan rubutun, ya bi abin da amintaccen nasa ya taɓa yana tsefewa, ƙarshen watan Mayu ya fitar da 5.6.2 babu ƙofar.