Tarihin Amfani da Tataccen Jinin Majiyyaci Wajen Gyaran Ƙashi da Dashen Haƙori

A cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ke taruwa a bakin rauni su tsayar da zubar jini. Likitan Italiya Giulio Bizzozero ne ya bayyana aikinsu a 1882. Lafiyayyen mutum yana da tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikurolita ta jini, kuma kowace ƙwaya ba ta wuce kwana 10 a raye. An daɗe ana ganin ba su da wani aiki sai daskarar da jini, har 1974, lokacin da Russell Ross da abokan aikinsa a Jami'ar Washington suka nuna cewa suna fitar da sinadarin da ke sa ƙwayoyin jiki su hayayyafa. Daga nan tunanin ya fito: a ɗebi jinin majiyyaci, a juya shi a na'ura har ƙwayoyin su taru wuri guda, a mayar da su kan rauninsa.

Likitocin baki da muƙamuƙi ne suka fi rungumar abin. Tun 1965, da Per-Ingvar Brånemark ya dasa wa majiyyacinsa na farko ƙusoshin titaniyom a Gothenburg ta Suwidin, babbar damuwarsu ita ce ƙashi. Idan haƙori ya fita, ƙashin da ke riƙe da shi yakan lotsa, ƙusa kuwa ba ta zama sai da ƙashi mai kauri.

A 1998 Robert Marx na Jami'ar Miami ya wallafa aikinsa kan majiyyata 88 da aka gyara musu muƙamuƙin ƙasa da ƙashin jikinsu. Waɗanda aka haɗa musu da tataccen ruwan jini, wato PRP, cikar ƙashinsu ta kai kashi 74 cikin ɗari, sauran kuma kashi 55. Wannan rahoto shi ya buɗe kasuwa. Sai dai haɗin yana da wahala: juyawa sau biyu, maganin hana daskarewa, sannan sinadarin turombin da ake samu daga jinin shanu, wanda jikin wasu mutane yakan yi wa bore har ya jawo musu matsalar zubar jini.

Abin da ya biyo baya duk ƙoƙarin rage wannan wahala ne. Eduardo Anitua a Vitoria ta Sifaniya ya fito da wani haɗi mai suna PRGF a 1999, ya jingine turombin ɗin shanu, ya koma ga sinadarin kalsiyom. Joseph Choukroun, likitan kashe zafi a birnin Nice na Faransa, ya wuce nan a 2001: ba a ƙara komai. Ana zuba jini a kwalba, a juya shi nan take na kimanin minti 10, sai wani gudaji mai ruwan ɗorawa ya fito a tsakiya. Shi ne PRF. Ana matse shi ya zama faifai a rufe rauni, ko a cusa shi a gurbin haƙorin da aka cire. Arha da sauƙinsa ne suka kai shi ƙananan asibitocin haƙori a ƙasashe da dama, fiye da ƙarfin hujja.

Sunaye sun yi ta yawaita, kowane kamfani da na'urarsa da saurin juyinta, har David Dohan Ehrenfest ya raba su gida huɗu a 2009, bisa yawan fararen ƙwayoyin jini da kaurin saƙar faibirin, wato zaren da ke ɗaure gudajin jini. Wannan bambancin haɗi shi ya sa kwatanta bincike da bincike yake da wuya.

Hujja ta fi ƙarfi a kan nama: dasashi yakan warke da wuri, zafi da ruɓewar gurbi bayan cire turmin ƙarshe sukan ragu. A kan ƙashi kuwa magana ba ta tsaya ba. Nazarin ƙungiyar masu bincike ta Cochrane kan ƙara ƙashi a ƙarƙashin kogon muƙamuƙin sama bai ga alamar PRP tana ƙara nasarar dashe ba, kuma sakamakon Marx bai maimaitu daidai a hannun wasu masu bincike ba. Likitoci da dama suna gauraya PRF da garin ƙashi don ya riƙe shi wuri guda, ba su dogara da shi shi kaɗai a inda ƙashi ya ci sosai.