Mayar wa Majiyyaci Jininsa: Tarihin Wani Saɓani Tsakanin Likitocin Tiyata

Wanda ya taɓa ganin wanzami yana ƙaho a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san hukuncin da jama'a suka yanke wa jinin da ya bar jiki: matacce ne, ƙasa ce makomarsa. Fuƙaha'un Malikiyya kuwa sun lissafa jinin da ya kwarara cikin najasa. Ba abin mamaki ba ne idan zuciya ta ƙi yarda a mayar wa mutum jinin da ya zubar.

Su kansu likitocin tiyata sun daɗe suna kai-kawo a kan haka. A 1886 John Duncan na Edinbara ya wallafa yadda ya tara jinin wani da ya yanke wa ƙafa, ya mayar masa ta jijiya. A 1914 Johannes Thies, a birnin Leipzig na Jamus, ya yi haka ga mata masu ciki a wajen mahaifa, waɗanda cikin ya fashe jini ya taru a kogon cikinsu. Da ma'ajiyar jini ta bayyana, kamar wadda aka buɗe a Shikago a 1937, sai mafi yawansu suka juya wa dabarar baya, suna tsoron gudaji da ƙwayoyin cuta. Cutar ƙanjamau ce ta dawo da su kanta bayan 1980, sa'ad da jinin wani ya zama abin tsoro.

A asibitocin Afirka ta Yamma larura ba ta bari an yi watsi da ita ba. Likita kan kwashi jinin da ludayi, ya tace shi da ƙyallen tiyata ninki-ninki, ya zuba a jakar da ke da maganin hana daskarewa. Sharaɗinsa jinin ya kasance sabo, ƙazantar hanji ba ta taɓa shi ba. Macen da aka ɗauko daga ƙauyen Sule Tankarkar ko Gagarawa zuwa Gumel cikin dare ba ta da lokacin jiran dangi su zo a gwada jininsu.

Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 1989, ta yi magana a kan jinin da ake ɗauka daga wani: ba ya haramta aure kamar shayarwa, kuma ba a sayar da shi. A ganinmu mas'alar jinin mutum da kansa ta fi sauƙi, domin babu mai bayarwa balle farashi. Abin da ya rage wa malamanmu shi ne su tantance ko jinin da ya taru a kogon ciki, kafin wuƙa ta buɗe shi, ya shiga hukuncin wanda ya kwarara.