3.4 Bin Diddigin Waya da Haƙƙin Sirri a Sabon Birni da Isa

Wannan sashe zai duba yadda hukuma ta yi amfani da hanyoyin sadarwa wajen yaƙi da 'yan bindiga a ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, tare da auna matakan da ta ɗauka da abin da tsarin mulki ya tanada.

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, wato gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa ta waya. Sashe na 45 kuwa ya yarda a taƙaita wannan haƙƙi saboda tsaro, amma sai ta hanyar dokar da za a iya karewa a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. A kan haka ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fitar da ƙa'idojin sauraren waya a shekarar 2019, waɗanda suka ce sai da izinin alƙali, in kuwa gaggawa ce, a nemi izinin cikin awa 48.

Ba Nijeriya kaɗai ce ta fuskanci wannan matsala ba. A Amurka, 'yan sanda sun maƙala na'urar GPS a motar wani mai suna Antoine Jones, suka bi sawunsa kwana 28 ba tare da ingantaccen izini ba. A watan Janairu na 2012 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa wannan bincike ne irin wanda tsarin mulki ya gindaya wa sharaɗi. Ke nan can gardamar ta tsaya a kan mutum ɗaya da ake zargi.

A ƙasar Gobir abin ya sha bamban. Daga Disambar 2020 gwamnatin tarayya ta tilasta wa kowa haɗa layin wayarsa da lambar shaidar ɗan ƙasa, bisa hujjar cewa hakan zai sauƙaƙa gano masu laifi. Duk da haka, masu garkuwa da mutane suka ci gaba da cinikin kuɗin fansa ta waya. Sai a watan Satumba na 2021 aka rufe sadarwa a Jihar Zamfara, sannan aka rufe ta a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, har da Sabon Birni da Isa. Maimakon a bi ɗan bindiga shi kaɗai, sai aka yanke wa dubban talakawa hanyar neman agaji. Da yake yankin ya yi iyaka da jihar Maradi, wanda ke kusa da iyaka kan samu layin Jamhuriyar Nijar, ko na kirki ne ko ɓatagari.

Rufewar ba ta hana kisa ba. A watan Oktoba na 2021 aka kashe mutane da dama a kasuwar Goronyo, a watan Disamba kuma aka ƙone matafiya cikin mota a yankin Sabon Birni. Ko bayan an dawo da sadarwa, a shekarar 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka kama shi.

Ta fuskar shari'a, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a Nuwambar 2021. Kotun ECOWAS kuma, tun a 2020, ta ce rufe intanet da Togo ta yi a 2017 ya keta haƙƙin faɗin albarkacin baki.

A taƙaice, tarihin wannan yanki ya nuna cewa talaka ya ba da sirrinsa, ya kuma haƙura da rashin waya, amma tsaron da aka yi masa alkawari bai samu ba. Sashe na gaba zai duba rawar da 'yan sa-kai suka taka.